Koyon Aikin Ƙididdigar Gini: Bayani ga Jama'ar Ƙetare da Kewaye

A duk lokacin da aka ba da kwangilar gina aji, ko asibitin sha-ka-tafi, ko kwalbati a gundumar Ƙetare ta Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, ko a ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa, jama'a sukan ga wani matashi ya zo wurin aikin riƙe da tef da littafi. Ba ya ɗora bulo, ba ya kwaɓa siminti, sai dai ya auna ya rubuta. Wasu kan ɗauka injiniya ne, wasu kuma su ce safiyo ne. Sau da yawa wannan matashi ɗan koyon aikin ƙididdigar gini ne, wato sana'ar da ma'aikatan gini suke kira kwantiti. Mun ga ya dace mu yi bayanin wannan aiki da yadda ake koyonsa, domin amfanin iyaye masu neman wa 'ya'yansu hanyar karatu, da kuma kansiloli, dagatai, masu unguwanni da kwamitocin makarantu, waɗanda ake yin ayyukan gwamnati a gabansu.

Mene ne aikin?

Safiyo fili yake aunawa, ya kafa iyaka. Mai zanen gini shi ke tsara siffar ginin, injiniya kuma ya tabbatar da cewa zai tsaya da ƙarfinsa. Shi kuwa mai ƙididdigar gini, kuɗin ginin ne a hannunsa. Tun kafin a sari ƙasa yake bin zane ya fitar da yawan kowane abu da ginin zai ci, ya sa masa farashi, ya tattara su cikin kundi guda da ake kira bil. Da wannan kundi 'yan kwangila suke neman aiki, da shi ake kwatanta farashinsu, kuma da shi ake biyan wanda ya samu. Idan aiki ya kankama, shi ke zuwa ya auna abin da aka yi a ƙasa, ya faɗi nawa ya kamata a biya. Idan an gama, shi ke rufe lissafi.

Sana'ar ta samo asali ne daga Ingila, inda ta kafu sosai a ƙarni na 19. An kafa babbar ƙungiyar masu wannan fanni ta can, wadda yanzu ake kira RICS, a birnin Landan a 1868. A Nijeriya an kafa Cibiyar Masu Ƙididdigar Gini ta Ƙasa, NIQS, a 1969, sannan Doka ta 31 ta shekarar 1986 ta kafa hukumar yi musu rajista, QSRBN. A ƙarƙashin wannan doka, laifi ne mutum ya riƙa kiran kansa mai ƙididdigar gini yana karɓar aiki ba tare da rajista ba.

Hanyar shiga

Ya kamata iyaye su fahimci wani abu tun da wuri. Wannan sana'a ba kamar birkilanci ko kafinta ba ce, da za a kai yaro wurin maigida ya yi shekaru a yaye shi. Dole sai an haɗa da makaranta. A Ingila akwai tsarin da kamfani kan ɗauki matashi yana biyansa albashi, yana aiki yawancin kwanakin mako, yana kuma karatun digiri a sauran lokacin. A nan ƙasar karatu ne ke zuwa da fari, koyon aiki kuma ya shigo a tsakiyarsa da bayansa.

Ana buƙatar sakamako mai kyau a darussa biyar na jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci, lissafi da fizis, sai kuma jarrabawar JAMB. Wanda ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha zai yi shekara biyu ya sami ƙaramar difiloma, ya yi shekara ɗaya ta aikin sanin makama, sannan ya koma shekara biyu domin babbar difiloma. Wanda ya bi ta jami'a zai yi shekara biyar. Ana koyar da fannin a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, da ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda tana cikin wuraren da suka fi daɗewa suna koyar da shi a ƙasar nan, da kuma Jami'ar Bayero ta Kano. Kafin a biya kuɗin makaranta, yana da kyau a bincika ko hukumomin da abin ya shafa sun amince da kwas ɗin a wannan makaranta, domin takardar da ba a amince da ita ba takan hana mutum rajista daga baya.

Karon farko da ɗalibi ke taka wurin gini a matsayin ɗan koyo shi ne lokacin shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro a 1973. Ɗaliban difiloma kan yi wata huɗu, na jami'a wata shida. Ana ba kowa littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowace rana, maigidansa na wurin aiki ya sa hannu. Alawus ɗin da ake bayarwa kaɗan ne, don haka iyaye su yi shirin kuɗin mota da na abinci. Bayan kammala karatu da bautar ƙasa, mutum bai zama cikakken mai sana'a ba tukuna. Zai ci gaba da aiki a ƙarƙashin wanda yake da rajista, yana cike wani littafin, har ya zauna jarrabawar ƙwarewa ta NIQS, a yi masa tambayoyi baki da baki, sannan ya nemi rajistar QSRBN. Idan aka haɗa duka, daga barin sakandare zuwa samun hatimi, abin yakan kai shekara takwas ko fiye.

A ofis

Watannin farko na ɗan koyo yawanci a kan tebur suke ƙarewa, kuma a nan ne ake gane wanda zai jure. Za a shimfiɗa masa zanen gini, a ba shi ma'aunin zane da wata takarda mai layuka huɗu: na farko domin yawan maimaici, na biyu domin awo, na uku domin sakamakon lissafi, na huɗu domin bayanin aikin. Akwai ƙa'idar jera awo wadda ba a saɓa mata, wato tsawo, sannan faɗi, sannan zurfi ko tsayi. Haka nan akwai ƙa'idar bin ginin kansa, daga share fili da haƙa harsashi, zuwa kankaren tushe, bulo, linta, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta, har fenti. Dalilin wannan tsari shi ne duk wani mai sana'ar da ya ɗauki takardar, ko a Katsina yake ko a Legas, ya iya bin lissafin ya gano kuskure. Littafin ƙa'idojin awo da ake bi a Nijeriya shi ne wanda NIQS ta wallafa, ana kiransa BESMM, kuma bugunsa na huɗu ya fito a 2015.

Bari mu kawo misali domin mai karatu ya ga yadda abin yake. A ɗauka bangon aji ne mai tsawon mita 8 da tsayin mita 3. Faɗinsa gaba ɗaya murabba'in mita 24 ke nan. Idan akwai tagogi biyu, kowace mita 1.2 tsaye da kwance, za a cire 2.88, saura 21.12. Bulo mai inci tara guda 10 ne ke cike murabba'in mita ɗaya, saboda haka bangon zai ci bulo kusan 211. Abin da ake rubutawa a kundi shi ne ainihin awon bangon. Bulon da zai fashe a hanya ko a hannun lebura ba a ƙara shi cikin awo, a cikin farashi ake lissafa shi. Wannan bambanci yakan rikita sababbin 'yan koyo, kuma yakan jawo gardama da magina, domin su adadin da aka sauke daga mota suka sani.

Akwai alƙaluman da ɗan koyo yake haddacewa kamar karatun allo. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu. Kwaɓin kankare na ɗaya da biyu da huɗu, wato siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, yana cin buhu shida da 'yan kai a kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi. Sandar rodi mita 12 ce, kuma rodi mai kaurin milimita 12 guda 94 ne, ko kusa da haka, ke yin tan ɗaya. Bandir ɗin kwanon rufi falle 20 ne.

A yau yawancin ofisoshi da kwamfuta suke aiki. Ana amfani da Excel wajen jera kundi, wasu kuma suna da manhajoji irin su PlanSwift da CostX masu auna zane kai tsaye. Duk da haka iyayen gida da yawa ba sa barin yaro ya taɓa manhaja sai ya iya awo da hannu, kuma a ganinmu suna da gaskiya. Kwamfuta takan ninka kuskure cikin sauri kamar yadda take ninka daidai.

Sauran aikin ofis shi ne bin farashi. Za a tura ɗan koyo kasuwa ya tambayo kuɗin siminti, rodi, katako da kwano, ya ji nawa tifar yashi, nawa birkila da lebura ke karɓa a yini. Ga aikin da za a yi a Ƙetare ko ƙauyukan Faskari da Sabuwa, farashin cikin birnin Katsina ba ya wadatarwa. Kayan sukan fito ne daga manyan kasuwanni irin su Funtuwa, Malumfashi ko Kano, sai an ɗora kuɗin dako, an kuma yi la'akari da halin hanya da damina, da nisan wurin ɗebo ruwa, domin kankare ba ya yiwuwa sai da ruwa mai yawa. Wanda ya taso a yankin ya fi baƙo sanin waɗannan abubuwa, kuma wannan babbar dama ce ga 'ya'yanmu.

A wurin gini

Ranar fita wurin aiki da sassafe ake tashi. Ɗan koyo ne ke riƙe bakin tef, shi ke shiga rami, shi ke hawa tsani, shi ke ƙirga buhunan da ke sito ya kwatanta da takardar mai kula da sito. Abu mafi muhimmanci da ake koya masa shi ne auna abin da za a rufe kafin a rufe shi. Zurfin harsashi, kaurin kankaren tushe, yawan rodin da ke cikin ginshiƙi ko linta, duk waɗannan da zarar an mayar da ƙasa ko an zuba kankare, ido ba zai sake ganinsu ba. Da damina abin yakan ƙara wuya, saboda rami kan cika da ruwa, gefensa ya zube, foman kuma yana sauri ya rufe.

Ga dalilin da ya sa ake tsanantawa. A ɗauka daɓen aji ne mai mita 8 da mita 7, kundi ya ce kaurinsa milimita 150. Idan aka zuba milimita 100 kawai, wanda ya shiga ajin ba zai ga bambanci ba. Amma an rage kashi ɗaya cikin uku na kankaren, wato siminti kusan buhu 17 a aji ɗaya, ban da yashi da tsakuwa. Idan ajujuwa shida ne, an haura buhu 100. Bayan shekara biyu ko uku daɓen ya farfashe, yara su koma zama cikin ƙura, alhali gwamnati ta biya kuɗin cikakken aiki. Hukuncin ingancin aiki na injiniya ne da mai zanen gini, amma mai ƙididdiga ba ya sa kuɗi a kan abin da ba a yi ba, ko wanda suka ce bai yi daidai ba.

Daga wannan awo ne ake shirya takardar biya. Maigida ya duba lissafin yaronsa, ya sa hannu, a fitar da satifiket, sannan baitulmali ya biya. Akan cire kason kuɗin fara aiki da aka riga aka ba ɗan kwangila, a kuma riƙe wani kaso, galibi biyar cikin ɗari, har sai an ga ginin ya yi wasu watanni, yawanci shida, ba tare da ya nuna aibi ba. Ɗan koyo ba shi da ikon sa hannu. Amma alƙaluman da ya rubuto su ne tushen takardar, kuma kowa a wurin gini ya san haka.

A nan ne jarrabawa ta gaskiya take. Matashi ne wanda aljihunsa ba nauyi, ya zo a kan ɗan acaɓa, ga kuma ɗan kwangila wanda ya girme shi, wataƙila ma sa'an mahaifinsa ne, ya kira shi gefe ya ce: yarona, ga na shan ruwa, rufin nan ai gobe za a gama, ka rubuta an gama. A al'adarmu musa wa babba abu ne mai nauyi, ƙin karɓar kyauta kuma akan ɗauke shi rashin ladabi. Iyayen gida na ƙwarai sukan koya wa yaransu mafita mai sauƙi, wato su ce: Alhaji, a yi haƙuri, ni abin da na gani kawai aka aiko ni in rubuta, sauran magana tana wurin maigida. Sukan kuma sa a yi awon tare da wakilin ɗan kwangila, kowa ya sa hannu a takarda ɗaya, a ɗauki hotuna masu kwanan wata.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba kullum ɗan kwangila ne mai laifi ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar Naira, farashin kayan gini ya yi tashin da ba a saba gani ba, har buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Wanda ya karɓi aiki da tsohon farashi ya shiga tsaka mai wuya. Aikin mai ƙididdiga ne ya duba ko yarjejeniyar ta yarda da biyan bambancin farashi, ya lissafa shi da hujja. Haka kuma idan aka ƙara wani aiki da babu shi a zane, kamar a ce a ƙara baranda, dole a rubuta umurnin a kuma yi masa farashi. Ƙarin da aka yi da fatar baki shi ne ya fi kowane abu haddasa rigima ranar rufe lissafi. Mai ƙididdiga yana kare kuɗin gwamnati, yana kuma kare haƙƙin wanda ya yi aiki.

Matsalar tsaro

Ba za mu yi bayanin aiki a wannan yanki mu tsallake batun tsaro ba. Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi taɓawa, kuma jama'a ba su manta da sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 ba. A shekarun da abin ya yi tsanani, direbobi sun ƙara kuɗin dako, wasu ma'aikata sun ƙi kwana a ƙauye, jami'ai kuma sun rage zuwa duba ayyuka. Inda ba a zuwa dubawa, nan ne ake samun takarda ta ce an gama alhali gini yana linta. Hoton waya yana taimakawa, amma ba ya nuna kaurin daɓe. Shawarar da ake ba 'yan koyo ita ce kada su fita sai da sanin maigida, su sanar da dagaci ko mai unguwa kafin su iso, su ji ta bakin jami'an tsaro, su kuma kamo hanya da sauran rana.

Abin da shugabannin jama'a za su iya yi

Dokar Sayayya da Bayar da Kwangila ta Tarayya ta 2007 ta tanadi a yi gasa a fili wajen ba da ayyuka, kuma Jihar Katsina tana da nata hukumar mai kula da wannan fanni. Sai dai doka ba ta da ido a ƙauye, jama'a ne idonta. Wasu shirye-shiryen ma, kamar AGILE na ilmin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina ke cikin jihohin farko da suka shiga, sun ba kwamitocin makarantu kuɗin gyara kai tsaye. Kwamitin da ya karɓi irin wannan kuɗi yana bukatar wanda zai fitar masa da lissafin kaya kafin ya je kasuwa.

Muna shawartar kansiloli da kwamitoci su nemi sanin abin da kundin aikin ya ƙunsa tun ranar da aka miƙa fili: ajujuwa nawa, wane irin kwano, akwai silin ko babu, ƙofofin ƙarfe ne ko na katako. Idan mai awo ya zo, a haɗa shi da mutum ɗaya ko biyu daga cikin gari su zagaya tare. Kada a matsa masa ya faɗi kuɗin da za a biya, domin ba huruminsa ba ne, kuma kada a roƙe shi ya rufa wa wani asiri don ɗan gari ne. Duk abin da aka ga ya saɓa, a rubuta shi a kai wa sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ko hukumar da ta ba da aikin. Idan kuma wani ya gabatar da kansa a matsayin mai ƙididdigar gini yana neman aikin kwamiti, a tambaye shi lambar rajistarsa ta QSRBN.

Bayan an sami rajista

Wanda ya kammala yana iya aiki a Ma'aikatar Ayyuka, ko Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta jiha, ko sassan gine-gine na jami'o'i da kwalejoji, ko kamfanonin gini, ko ya buɗe ofishin kansa. Wasu kan koma ga ayyukan hanyoyi da madatsun ruwa, wasu ga sasanta rigingimun kwangila. Sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce. Mata suna da ƙungiyarsu a cikin NIQS, kuma a 2015 Misis Mercy Iyortyer ta zama mace ta farko da ta shugabanci cibiyar. Yarinyar da ta iya lissafi za ta iya wannan aiki, musamman da yake kaso mai yawa nasa a ofis ake yi.

Ko kafin rajista, ɗalibin da ya kai shekara ta biyu zai iya zama da mahaifinsa ko maƙwabcinsa mai niyyar gina ɗaki biyu da falo, ya lissafa masa bulo nawa, siminti buhu nawa, kwano bandir nawa, domin ya san ko abin da ya samu daga amfanin gonar bana zai kai shi rufi, ko kuwa ya tsaya a linta ya jira kaka mai zuwa.